Ƙwari 103 daga tsibiri ɗaya: yadda ake tabbatar da cewa ƙwaro ko ƙaguwa sabon nau'i ne

A watan Maris na 2019 wasu masana biyu, Alexander Riedel na gidan tarihin halittu da ke Karlsruhe a Jamus da Raden Pramesa Narakusumo na gidan tarihin dabbobi na Bogor a Indunusiya, suka fitar da takarda guda a mujallar ZooKeys, a cikinta suka sa wa ƙwari 103 suna a tashi ɗaya, duk daga tsibirin Sulawesi na Indunusiya da 'yan tsibiran da ke kewaye da shi, kuma duk 'yan gida ɗaya ne da ake kira Trigonopterus. Kafin wannan takarda nau'i ɗaya tal na wannan gida aka sani a Sulawesi, shi ma tun 1885 aka rubuta shi. Mutum in ya ji irin wannan labari tambayar da ke fara zuwa masa ita ce, to ina suka ɓuya duk shekarun nan? Ai ba ɓuya suka yi ba, suna nan a dajinsu tun kafin a san da mu, kawai dai babu wanda ya zauna ya duba su ne. Kuma kamo su ɗin, duk da wahalar hawan dutse da ruwan sama, ba a nan gizo ke saƙar ba. Inda ake shan gumi shi ne ka tabbatar wa duniya cewa abin da ke hannunka ba wanda ya riga ka sa masa suna.

Su dai waɗannan ƙwari dangin ƙwaron nan ne mai dogon baki da ke huda masara da dawa a rumbu, sai dai su a daji suke zaune, cikin ruɓaɓɓen ganye a ƙasa ko a kan ganyen bishiya, yawancinsu ba su wuce milimita 2 zuwa 3 ba, kuma ba su da fiffike. Ka riƙe wannan na ƙarshen, don shi ne mabuɗin labarin. Ƙwaron da ba ya tashi ba ya nisa, inda aka haife shi nan zai rayu ya mutu, in akwai kwari mai zurfi ko kogi tsakanin dutsen da yake da dutsen da ke kallonsa to shi da 'yan uwansa na can sun rabu kenan, babu auratayya, shekaru dubbai su zama miliyoyi kowanne yana sauyawa ta tasa hanyar har a kai inda ko an haɗa su ba za su haihu ba. Tsibiri ya riga ya yanke su daga sauran duniya da teku, sannan a cikin tsibirin ma kowane kan dutse ya zama wani tsibirin. Shi ya sa za ka ga nau'i guda duk duniya a gangaren dutse ɗaya kawai ake samunsa.

Ƙaguwar ruwan daɗi ma haka take, amma ta wani dalili daban. Ƙaguwar teku tana sakin 'ya'yanta ƙanana-ƙanana cikin ruwa, igiya ta kwashe su ta kai nesa, don haka nau'i ɗaya zai iya bazuwa a gaɓar ƙasashe da yawa. Ita kuwa ta rafi ƙwayayenta manya ne kuma ba su da yawa, uwar na riƙe da su a ƙarƙashin cikinta har su ƙyanƙyashe su fito a siffar ƙaguwa sosai, sai su sauka nan gefenta su ci gaba da zama. Babu tafiya. A tsibirin Sokotra na ƙasar Yaman akwai wata da aka sa wa suna Socotra pseudocardisoma a 2002, Neil Cumberlidge da Wolfgang Wranik ne suka rubuta ta, tana zaune cikin tsagogin duwatsun farar ƙasa a kan tudu, kuma ta bambanta da sauran har sai da aka buɗe mata sabon gida nata na kanta. A wannan shekarar dai Cumberlidge da abokan aikinsa suka rubuta wata daga tsibirin Principe, nan cikin tekun da ke kudu da Najeriya. Shi ne kuma ya rubuta wata ƙaguwa daga Kagoro ta kudancin Kaduna a 1991 ya sa mata Sudanonautes kagoroensis, ka ga abin bai tsaya a tsibiran nesa ba.

To yanzu an kamo, sai me?

Masu aikin ƙwarin Sulawesi sukan tankaɗe ruɓaɓɓen ganye da rariya, ko su shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin reshe su buga shi da sanda abin da ke kai ya zubo, su tsince su zuba cikin kwalbar sifirit tare da 'yar takarda mai ɗauke da sunan wuri da tsayinsa daga teku da rana da sunan wanda ya kama. Wannan 'yar takarda kar ka raina ta, ƙwaron da ba a san inda aka samo shi ba kusan ya tashi daga aiki. In an dawo ɗakin bincike sai a sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, kuma a nan ne abin yake zama na masu haƙuri, domin da ido sai ka rantse duk ɗaya ne, baƙaƙe ne 'yan dunƙule-dunƙule. Abin da ya fi rarrabe su shi ne al'aurar namiji. E, haka ne, masanin zai jiƙa ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya yi laushi, ya sa allura siririya ya ciro gabansa, ya wanke shi da sinadari ya ɗauki hotonsa, saboda nau'i biyu da suka yi kama a fuska da baya sau da yawa a wannan wurin suke shan bamban ƙwarai. A ƙaguwa ma haka ne, ana ɗaga murfin cikin namiji a duba wasu 'yan ƙafafu biyu da suka rikiɗe suka zama kayan barbara, lanƙwasar bakinsu da tsawonsu shi ne shaida. Shi ya sa wanda ya dawo daga daji da mata zalla wani lokacin dole ya haƙura ya jira sai an samo namiji.

Bayan nan sai bincike a baya, wanda shi ne ya fi cin lokaci. Dokar sa wa dabbobi suna tana fara ƙirga ne daga 1758, shekarar da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya fitar da bugu na 10 na littafinsa da ya kafa tsarin suna biyu, na gida da na nau'i, kuma ƙa'idar ita ce wanda ya riga shi ke da suna. In wani Bature ya rubuta ƙwaron nan a 1870 da layi uku na Latin a wata tsohuwar mujalla da ba mai karantawa, kai kuma ka zo yau ka sa masa sabon suna da hotuna masu kyau, to naka ya faɗi, nasa ne zai tsaya. Kuma layi ukun nan ba za su isa ka gane wanne yake nufi ba, dole ka nemo ainihin ƙwaron da ya riƙe a hannunsa, wanda yana nan soke da fil a cikin wata durowa a Landan ko Faris ko Balin. Kowane suna a ɗaure yake da samfurin da aka ajiye a gidan tarihi, galibi guda ɗaya, kamar dai mudun da sarkin kasuwa ya ajiye wanda in rigimar awo ta tashi shi ake ɗaukowa. Duk wanda ya yi shakka bayan shekara ɗari zai iya zuwa ya buɗe durowar ya duba da idonsa. Wannan ne ya sa gobarar da ta cinye gidan tarihin ƙasa na Birazil a Rio a watan Satumba na 2018 ta girgiza masana, miliyoyin ƙwari suka ƙone ƙurmus, ciki har da irin waɗannan samfura da sunaye ke rataye a kansu.

Sai an gama duk wannan ake rubuta bayani, a faɗi abin da ya raba shi da 'yan uwansa na kusa, a ambaci samfurin da inda aka ajiye shi, a kai mujalla wasu masana su tankaɗe su rairaye sannan a buga. Tun 2012 an yarda a buga a mujallar intanet kaɗai muddin an yi wa aikin rajista a rumbun da ake kira ZooBank. Ranar da aka buga ita ce ranar da suna ya fara aiki, ba ranar da aka kama ba, kuma tazarar da ke tsakanin biyun tana da ban tsoro: wani bincike da Benoît Fontaine da abokansa suka fitar a 2012 ya nuna cewa a matsakaici shekara 21 samfuri ke yi a ajiye kafin a rubuta shi. Wato da yawa daga abin da jarida ke cewa an gano bana, a cikin kwalba aka gano shi, wanda ya kamo shi wataƙila ma ya rasu.

In ka haɗa wannan da yawan aikin da ya rage sai ka gane me ya sa su Riedel suka canza salo. Ƙwarin da aka sa wa suna zuwa yanzu kusan miliyan ɗaya ne, wani ƙiyasi da Nigel Stork ya yi a 2018 kuma ya ce jimillarsu za ta kai miliyan 5.5. Da tafiyar da aka saba ba za a gama ba har dazukan su ƙare. To a 2003 Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar a riƙa karanta wani ɗan guntun DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jikin kowace halitta, harufa kusan 650, a yi amfani da shi a matsayin lambar shaidar kowace dabba. Su Riedel sai suka ɗauki wannan suka fara da shi, a ciro DNA daga ɗaruruwan ƙwari ba tare da an lalata jikinsu ba, kwamfuta ta jera su rukuni-rukuni, sannan a dawo madubi a duba ko rukunin ya yi daidai da abin da jiki da al'aura suka nuna, in ya yi sai a ɗauki hoto mai kyau a rubuta gajeren bayani a wuce na gaba. Da haka suka rubuta 101 daga Niyu Gini a 2013, suka ƙara 98 daga Java da Bali da maƙwabtansu a 2014, kafin na Sulawesi. Sunaye ma suka nemi su ƙare musu, a na Niyu Gini har littafin lambobin waya na ƙasar Papua Niyu Gini suka buɗe suka ari sunayen iyalai, a na Sulawesi kuma suka sa wa wani sunan shahararren masanin halittu Charles Darwin wani sunan shi Hebert ɗin.

Wasu kuma sun wuce nan. A 2021 Michael Sharkey da tawagarsa suka sa wa ƙananan zanzaro kusan 400 na ƙasar Kosta Rika suna, mafi yawansu lambar DNA da hoto kawai ba wani bayanin jiki, aka yi ta cece-kuce. Ni a ganina masu suka sun fi gaskiya a nan. Malamin da ke jami'a a tsibirin da ba shi da injin karanta DNA, ko ma'aikacin gandun daji da madubin hannu kawai gare shi, me zai yi da suna da ba za a iya gane mai shi ba sai an kai samfuri Turai? Sannan tsofaffin samfuran da ke durowa da yawansu ba a karanta DNA ɗinsu ba, ta yaya ka san ba ɗaya daga cikinsu ka sake wa suna ba. Hanyar su Riedel ta fi kama hankali don DNA ɗin jagora ne kawai, hukunci sai an haɗa da ido.

Kuma ko an bi duk ƙa'ida hukuncin na iya sauyawa. A 1862 Charles Darwin ya ga wata fure daga Madagaska mai dogon bututu kusan santimita 30 da zuma a can ƙasansa, ya ce lallai akwai wani faɗa-wuta a tsibirin mai harshen da zai kai can. A 1903 Walter Rothschild da Karl Jordan suka rubuta shi, amma suka ɗauke shi a matsayin reshe ne kawai na wani nau'i da ke babban yankin Afirka. Sai a 2021 aka sake auna harshen, aka duba al'aura da DNA, aka ce a'a wannan nau'i ne mai zaman kansa, Xanthopan praedicta. Shekara 118 ƙwaron bai canza ba, ma'aunin ne ya ƙara kaifi.

Wani lokacin kuma abin da tsibiri ke ɓoyewa ya fi ƙarfin a ce sabon nau'i. A 1979 wata mai nutso a kogunan ƙarƙashin ƙasa, Jill Yager, tana cikin wani kogo mai cike da ruwan gishiri a tsibirin Grand Bahama na ƙasar Bahamas sai ta ga wata farar halitta siririya marar ido, mai ƙafafu jere a gefe biyu kamar shanshani, tana iyo a rigingine. Da aka duba ba ta shiga cikin ƙaguwa ba, ba ta shiga jatan lande ba, ba ta shiga kowane rukuni da aka sani ba, sai a 1981 ta buɗe mata babban aji sabo fil mai suna Remipedia. Daga baya aka samu 'yan uwanta a kogon dutsen aman wuta na tsibirin Lanzarote na Sifen, a ɗaya gefen tekun Atlantika, an rubuta wata daga can a 2009. Abin da ya fi ban mamaki, binciken DNA na shekarun baya-bayan nan yana nuna cewa a duk dangin ƙaguwa da jatan lande waɗannan makafin na kogo su ne mafi kusa da ƙwari, wato kiyashi da fara da ƙuda reshe ne da ya fito daga cikin wancan dangi ya hau tudu.

Wani zai ce to duk wannan wahala a kan ƙwaro, me ta ƙara wa Borno a dawaki? Amsar tana tsibirin Lord Howe na Ostareliya. Akwai wani ƙaton baƙin ƙwaro marar fiffike a can, Dryococelus australis, tsawonsa ya kai na tafin hannu, da yana da yawa har masunta na yin ƙoto da shi. A 1918 jirgin ruwa mai suna Makambo ya kafe a gaɓar tsibirin, ɓeraye suka sauka, cikin 'yan shekaru ƙwaron ya yi ɓatan dabo aka sa shi a lissafin waɗanda suka ƙare. Sai a 2001 wasu masana suka hau wani tsinin dutse a tsakiyar teku mai suna Ball's Pyramid, kusan kilomita 23 daga tsibirin, da dare suka haska wani ɗan kurmi suka ga guda uku a jikinsa, da aka koma a 2002 aka ƙirga 24. Aka ɗauko wasu aka kai gidan zu na Melbourne aka yi ta kiwo har suka kai dubbai. Amma sai ja-in-ja ta taso, na dutsen sun ɗan bambanta a kamanni da tsofaffin da aka kama a tsibirin, shin su ne kuwa ko wani nau'i ne daban? In daban ne to mayar da su tsibirin ya zama shigo da baƙo. Abin da ya raba gardamar a 2017 shi ne DNA da aka ciro daga busassun samfuran da aka ajiye a gidan tarihi tun kafin ƙwaron ya ɓace a tsibirin, bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, su ne. Ba don wani ya kama ya soke da fil ya rubuta 'yar takarda shekara ɗari da suka wuce ba, da babu abin da za a gwada da shi. Haka kuma da wuya doka ta kare abin da ba shi da suna, da wuya ka sa shi a jerin halittun da ke cikin haɗari, ba za ka tsayar da mai sare daji ko mai haƙar ma'adinai ka ce akwai wani abu a nan da babu shi a ko'ina ba alhali ba ka iya faɗin ko mene ne.

Akwai kuma maganar waye ke da samfurin. A da Turawa kan kwashe su kai ƙasashensu, ɗan ƙasar da ke son nazarin ƙwarin garinsu sai ya nemi biza. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, da ta fara aiki a 2014, ta ƙarfafa hannun ƙasashe wajen ba da izini da neman rabonsu, kuma ainihin samfuran ƙwarin Sulawesi ɗin nan a Indunusiya aka ajiye su. Masana na ƙorafin takardun izini sun yi yawa suna jawo jinkiri, ƙorafin da gaskiya a ciki, amma dai ya fi yadda ake yi a da.

Sai dai suna ma yana da nasa sharrin. A 2015 Peter Ng na Singafo da Christoph Schubart da Christian Lukhaup suka rubuta wasu 'yan ƙaguwoyi biyu daga Java, Geosesarma dennerle mai launin shunayya da idanu rawaya shar, da Geosesarma hagen mai jan baya. Su waɗannan ba a daji aka fara ganinsu ba, a shagunan masu sayar da kifin ado a Turai aka gan su, an shafe shekaru ana cinikinsu ba wanda ya san sunansu ko daga ina suke, dillalai na ɓoye wurin don kar a yi musu kutse, sai da Lukhaup ya yi ta bin diddigi ta hannun 'yan kasuwa har ya kai ga rafukan da ake kamo su. Kowacce a ɗan ƙaramin yanki take, kuma masu kama sun riga masana isa. Haka ya faru da ƙaton ƙudan zuman nan na tsibiran Maluku a Indunusiya, Megachile pluto, da masanin halittu ɗan Birtaniya Alfred Russel Wallace ya fara kamawa a tsibirin Bacan, masana sun daɗe ba su sa shi a ido ba tun 1981 amma a 2018 sai ga guda a kasuwar intanet ta eBay an saye shi sama da dala 9,000, shekara ɗaya kafin wata tawaga ta sake ganinsa da rai. Takardar kimiyya da ta faɗi daidai inda aka samo abu mai kyau ko mai tsada ta zama taswira ga mai neman kuɗi, shi ya sa wasu masana yanzu sukan faɗi sunan yanki kawai a mujalla su bar ainihin lambobin wurin a gidan tarihi, dokar suna ba ta tilasta a buga su ba, wasu kuma na ganin hakan ya karya tushen aikin tunda wani masanin ba zai iya komawa ya duba ba. Ƙwarin su Riedel dai ba su da wannan damuwa, ba mai sayen baƙin ƙwaro na milimita 2, nasu haɗarin gatari ne da gobarar daji. A 2021 Riedel da Narakusumo sun sake fitar da wasu 28 daga tsakiyar Sulawesi, ɗaya suka sa masa Trigonopterus corona saboda annobar da ta hana su komawa daji, kuma duwatsun tsibirin da yawa har yanzu ba a kai rariya kansu ba.